Jiran Dubawa

Jan Biro ake ce masa, har ta kai in wani baƙo ya kira shi da sunansa na gaskiya sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba kurakurai a wata mujallar noma da kiwo mai fita wata-wata, a hawa na biyu na wani tsohon bene, saman shagon masu gyaran fanka. Teburinsa yana can lungu, jikin tagar da ba ta rufuwa sai an tura mata takarda a gefe. Aljihun rigarsa ba ya rabo da jan biro biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Duk rigunansa da ɗigon ja a gindin aljihu. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta wanke ta wanke har ta haƙura, ta ce ai shi ne tambarinsa, ko ya ɓata za a gane shi.

Mutum ne da ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Allon shago, takardar asibiti, ƙyallen talla a bakin titi, duk idonsa na kai. Abin da ya fi tsaya masa a rai kuwa shi ne ƙugiya, 'yar lanƙwasar nan da ake ɗora wa wasu haruffa. In marubuci ya manta da ita, sai ya sauke tabarau zuwa karan hanci ya ce, "Malam, kasa ka rubuta. Manomin nan ƙasa yake nomawa, bai kasa komai ba."

To, ana nan sai masu kamfani suka ce an daina buga mujalla a takarda. Komai zai koma shafin intanet, ta cikin wata manhaja da ake zuba rubutu da hotuna a cikinta, a tsara su, a duba, sannan a sake su ga duniya. Kuma duk wanda zai taɓa manhajar nan sai ya rubuta jarrabawa ya kawo takardar shaida. Zama biyu aka ba kowa. Na farko ya zo ya wuce, kowa a ofis ya haye, ban da Jan Biro.

Ranar da sakamako ya fito Manaja ta kira shi ofishinta. Ba ta fi sa'ar 'yarsa da yawa ba, kuma shi ya koya mata inda ake sa waƙafi lokacin da ta zo sabuwa.

"Baba, zauna mana."

"A tsaye ma ina ji, ranki ya daɗe."

"Don Allah ka zauna, kana sa ni jin nauyi." Ya zauna a bakin kujera. Ta juya biron hannunta, ta sake juyawa. "Saura zama ɗaya, Asabar ɗin ƙarshen watan gobe. Wallahi da ta ni ce, Baba, ba mai tambayarka wata takarda. Ni kai nake so ka zama mai duba mana komai kafin ya hau shafi. Amma sun ce ba satifiket, ba kujera."

"Kujerar ma ai ta tsufa," in ji shi. "Ƙafarta ɗaya a kan tsohon kundi take tsaye."

Ta yi dariya don ta ga yana so ta yi. Shi ma ya murmusa, ya miƙe, ya fita.

Kujerar nan kuwa ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. A gida ba kowa. Matar ta rasu shekara biyar da suka wuce, 'yarsu ɗaya tilo, wadda yake kira Mamana, ta bi mijinta wani gari mai nisa. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, sau da yawa kalmomin da ke fita bakinsa ba su wuce "ba ni ɗaya" da "na gode" wajen mai burodi. Akwai Litinin ɗin da ya zo gaishe da maigadi sai ya ji muryarsa ta dushe, don ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. Ofis ne kaɗai inda wani zai leƙo ya ce, "Jan Biro, duba min wannan." In aka ɗauke kujerar, kowace rana ta zama Asabar ke nan.

Sai ya ɗaura ɗamara. Kullum ƙarfe shida da rabi na safe yana bakin ƙofa, maigadi ya buɗe masa yana hamma. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a bayan kabad ɗin tsofaffin mujallu, wadda aka ware don koyo, a cikinta aka buɗe shafin gwaji. Mai Hoto ne ya nuna masa. Shi Mai Hoto abokin tsokanarsa ne tun suna da baƙin gashi, amma shi hannunsa ya saba da na'ura, zama ɗaya ya haye.

"Ka ga wannan, tsoho? Filin wasa ne. Ka rubuta, ka goge, ka fasa, ka ƙona. Duk abin da ka yi a nan, nan zai tsaya, duniya ba ta gani."

"Ina ƙugiya?" Jan Biro ya tambaya, yana bin madannai da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ƙugiya? Kifi za ka kama?"

"Ta haruffa, sakarai."

"Wannan tsohuwar ba ta da ita. Kai dai ka ci jarrabawa, a sa maka a sabuwa. Kuma ka daina riƙe ɓeran nan kamar zai cije ka, roba ne."

Ɓera dai shi ne ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, kibiya ta motsa a allo. Jan Biro da yatsa biyu yake kama shi, daga nesa.

An ba shi littafin shiri mai shafi ɗari biyu da 'yan kai. A mako na farko ya karance shi tas, ya gano kuskure goma sha huɗu, ya zagaye kowanne da ja. Kalmomin manhajar kuma ya juya su da bakinsa a wani ɗan littafi na aljihu. Rubutun da ba a gama ba, daftari. Wanda aka tura wa mai dubawa, jiran dubawa. Wanda aka amince da shi ya fita, an wallafa. Wanda aka ƙi, an dawo da shi. Yana tafiya a hanya yana maimaita su kamar ɗan firamare.

Inda ya faɗi a zaman farko shi ne babin tafiyar aiki, yadda rubutu ke tashi daga hannun mai rubutu zuwa hannun mai dubawa. Manhajar tana da doka ɗaya: ba ta yarda mutum ya duba rubutun kansa ba. Da ya karanta wannan sai ya gyaɗa kai, karon farko da ya ji shi da na'urar sun yi baki ɗaya. Ai abin da yake faɗa wa marubuta ke nan shekara talatin. Sai dai dokar tana nufin ba zai iya gwada babin shi kaɗai ba. Dole mutum biyu.

Ya sami Mai Hoto da rana, yana ta loda hotunan awaki.

"Ka ɗan zama mai dubawata na rabin sa'a."

"Ni in duba ka? Duniya ta zo ƙarshe." Bai ko ɗago ba. "Mutumina, hoto ɗari uku ke gabana, Manaja na kan wuyana. Ka ƙirƙiri wani mana. Ka shiga wajen ma'aikata, ka ce sabo, ka ba shi suna. Kai ne mai rubutu, kai ne mai dubawa, ba mai faɗa da wani."

Washegari da sassafe ya yi yadda aka ce. Akwati na farko ya nemi suna. Ya daɗe yana kallonsa, kibiya tana ƙifta masa ido. Sai ya rubuta Mamana. Akwati na biyu ya nemi adireshin imel, ya yi ƙoƙarin tsallakewa, manhaja ta ƙi. Ya sa nasa na ofis, ta ce wannan yana da mai shi. Adireshi ɗaya ne kuma ya rage masa a ka duk duniya.

Yadda aka yi ya haddace shi kuwa, labari ne mara daɗi. Shekara biyu baya, da tafiyarsu ta tabbata, Mamana ta kasa faɗa masa baki da baki, don ta san shi kaɗai za ta bari. Sai ta rubuta wasiƙa da hannunta, shafi biyu, ta ajiye masa a kan tebur. Ta ce ya yafe mata, ta ce ba a son ranta ba, ta ce in ya ce kada ta tafi za ta san yadda za ta yi da mijin. A ƙasa ta rubuta adireshinta, ta ce ya koyi aika saƙo. Ya karanta sau uku. Bai san me zai ce ba, bai taɓa iya irin wannan maganar ba, matarsa ce ke yi musu su biyun. Sai hannunsa ya yi abin da ya iya. Ya zaro biro, ya zagaye kalmar ƙaura inda ta manta ƙugiya, ya ƙara waƙafi biyu, ya bi adireshin harafi-harafi ya ga daidai yake. Da ta zo sallama ya miƙa mata abarta. Ta buɗe, ta ga ja, ta dube shi. Ta ninke ta sa a jaka. Tun daga ranar sai dai mijin ya bugo waya jefi-jefi ya ce suna lafiya, ita tana wanka, ko tana kicin, ko ta ɗan fita.

Adireshin nan ya rubuta a akwatin. Ai filin wasa ne, ba inda zai je. Ya zaɓa mata kalmar sirri, ya danna, manhaja ta karɓa.

Daga nan aiki ya kankama. Ya shiga da sunansa, ya rubuta daftari, ya tura. Ya fita, ya shiga da sunan Mamana, ya ga rubutun yana jira, ya amince, ya ga ya koma an wallafa. Ya fita, ya dawo da sunansa. Haka yake ta shiga da fita kamar mai zagaya gida ta ƙofa biyu, ya ƙwanƙwasa ta gaba, ya ruga ta baya ya buɗe wa kansa.

Littafin ya ce a cika daftarin gwaji da kowane irin shirme, ba ma'ana ake nema ba. Jan Biro bai iya rubuta shirme ba. Ya fara da abin da ya sani, abincin awaki, tsutsar masara, yadda ake adana iri. Kwana huɗu suka ƙare masa, don shi mai gyara ne, ba marubuci ba. Rana ta biyar ya zauna babu abin rubutawa, fankokin shagon ƙasa ba su fara ƙara ba tukuna, sai ya rubuta abin da ya gani da safen nan, babu ƙugiya ko ɗaya, yana rubutawa yana cije leɓe:

"Butar shayi ta fara yoyo ta gindi. Na san inda ake gyarawa amma ban kai ba, don ruwan kofi daya nake dorawa, kafin ya zube ya tafasa."

Ya tura, ya zagaya, ya amince.

Washegari ya rubuta labarin gwiwarsa ta hagu da matakalar bene. Wata rana labarin kyanwar maƙwabta da ke zuwa ta zauna a kan katanga ta kalle shi kamar ya ci mata wani abu. Kuma da yake sunan nan yana zaune a saman allo kullum, a wajen da aka rubuta mai dubawa, bai san ranar da ya fara cewa "ke" ba.

"Keken dinkin mahaifiyarki yana nan inda yake. Duk wata ina diga masa mai in juya shi kadan don kada ya kame. Zaren da ke jiki shudi ne, wanda ta fara yi miki riga da shi ba ta gama ba."

Wannan da ya zagaya ya shiga da sunanta, ya daɗe kafin ya danna amincewa. Ya karanta shi kamar wani ne ya rubuto. Ya ji tausayin tsohon da ya rubuta, sannan ya ji haushin kansa, ya danna da ƙarfi.

Mai Hoto ya taɓa leƙowa ta kan kabad.

"Wace ce Mamana? Tsoho, ko budurwa aka yi a kwamfuta ba a gaya mana ba?"

Jan Biro ya rufe allon da littafi. "Ka koma wajen awakinka, suna kiran babansu."

"To, a gaishe ta. A ce mata angon ba ya jin kira sai an ɗaga murya."

Hannunsa dai ya fara sabawa. Ya iya sa hoto, ya iya ware rubutu rukuni-rukuni, ya iya sa wa rubutu ranar da zai fita da kansa, ya iya komawa tarihin gyara ya dawo da abin da aka goge. Ɓeran ma yanzu da tafin hannu yake riƙe shi.

Saura kwana goma sha biyu jarrabawa, ya tura daftari kamar kullum, ya fita, ya sa sunan Mamana da kalmar sirri. Manhaja ta ce ba daidai ba ne. Ya sake, a hankali, harafi-harafi. Ba daidai ba ne. Ya buɗe ɗan littafinsa ya duba, ya sake na uku. Ƙofa dai ta ƙi buɗuwa.

Ya jingina da kujera. Ya tabbata shi ya taɓa wani abu da bai kamata ba. Ya yi niyyar kiran Mai Hoto, ya tuna in ya zo sai ya ga butar shayi da keken ɗinki, kuma bakin Mai Hoto ba ya ajiya, kafin azahar har masu gyaran fanka sun ji. Ya ce bari ya ƙirƙiri wani mai dubawar, sai ya tuna ba shi da wani adireshin. Ko da yana da shi ma, wane suna zai sa? Ya haƙura. Ɓangaren mai dubawa ya koma karanta shi a littafi, ɓangaren mai rubutu kuma ya ci gaba da yi, don hannu kada ya manta.

Sai rubutun suka fara taruwa. A gefen allo akwai 'yar lamba kusa da jiran dubawa. Ɗaya. Biyu. Huɗu. Kullum da safe ita yake fara gani. Da can ko ba komai yana ƙwanƙwasawa a buɗe, ko da shi ne mai buɗewar. Yanzu ko wannan babu. Allah sarki, har ya kan tsaya ya ɗan jira bayan ya tura, hannu a kan ɓera, kamar mai jiran a amsa sallama.

Ranar Alhamis, ta ƙarshe kafin jarrabawa, ya rubuta na tara:

"Kujerun falo uku ne, a daya nake zama. Sauran biyun na rufe su da zane saboda kura. Shekara biyu ke nan gidan nan babu baki."

Ya tura, ya kashe kwamfuta. Manaja ta ce kada ya zo ranar Juma'a, ya zauna gida ya huta kansa. Ya so ya ce mata a gidan ne kan ba ya hutawa, amma ya ce to, ranki ya daɗe. Ya wuni a kujerarsa ɗaya, littafi a cinya, kyanwar maƙwabta tana kallonsa ta taga.

Asabar da safe ya isa wurin jarrabawa tun ba a buɗe ba. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, kwamfutoci ashirin a jere, an raba su da katako. Duk waɗanda suka zo sa'o'in 'yarsa ne ko ƙasa, kowa na duba waya, ba mai yi wa wani magana. Mai gadin jarrabawa, wata mata mai tabarau, ta miƙo masa ɗan kwando.

"Baba, waya, agogo, da duk abin rubutu."

Ya sa waya da agogo.

"Da na aljihun."

Ya dubi aljihunsa. Ya zare biron biyu ya ajiye a kwando, a jere, kansu na kallon gefe ɗaya. Ya shiga yana shafa ƙirji, yana jin kamar ya fito ba hula.

Tambaya sittin ce, sa'a ɗaya da rabi, agogo na ƙirga kansa a kusurwar allo. Ya fara a hankali, ya ga abin na tafiya. Rukuni, hoto, ranar fita, tarihin gyara, duk ya san su kamar ɗakunan gidansa. Har ya fara jin ɗumi a yatsunsa. Sai tambaya ta talatin da bakwai ta fito.

Idan mai rubutu ya tura daftari don dubawa, me manhaja take yi nan take? Amsa huɗu aka jera. Ta uku ta ce: tana aika saƙo ɗauke da rubutun zuwa adireshin mai dubawa, ko a shafin gwaji ne, sai fa in an kashe aika saƙo.

Ya san jimlar nan. Shafi na tamanin da takwas, sakin layi na biyu. Ya santa sarai, don a cikinta ya sami kuskure na tara, waƙafin da aka manta bayan kalma ta biyar. Ya zagaye wurin da ja, ya ji daɗi, ya wuce. Ya duba jimlar tsaf, bai ji abin da take faɗa ba.

Sanyin ɗakin ya bi ta tafin ƙafarsa ya hau. Butar shayi. Gwiwa. Zaren shuɗi. Ba wanda ya kashe komai, shi bai ma san inda ake kashewa ba. Makonni biyar, kowace safiya, wayarta tana ƙara a can garin da bai taɓa gani ba. Kuma kalmar sirri, shi ma wannan yana littafin, shafi biyu gaba: mai adireshi ne kaɗai ke iya sauya ta. Ba shi ya ɓata komai ba. Ita ce ta shiga ta ciki ta sa sakata.

Ta gaji ke nan. Ta rufe don ya daina. Shi kuwa ya ci gaba da turawa, har tara, kamar maroƙi a ƙofar da aka rufe masa.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba, sai da ya ji an taɓa katakon gefensa.

"Baba, lafiya? Ko a kawo ruwa?"

"Lafiya lau, 'yata."

"To ka duba agogo. Saura minti ashirin da biyar."

Ya duba. Tambaya ashirin da huɗu na gabansa. Wata zuciyar ta ce ya tashi kawai, ya karɓi bironsa ya tafi gida. Sai ya tuna gidan, da Litinin, da Talata, da duk ranakun da za su zama iri ɗaya. Ya kama ɓera da tafin hannu, ya danna amsa ta uku. Ya ci gaba, wannan karon ba ya neman waƙafi, abin da tambaya ke nufi kawai yake saurare. Ya danna ta ƙarshe saura ƙasa da minti ɗaya.

Allo ya yi fari, ya dawo da lamba. Saba'in cikin ɗari ake nema. Ya sami saba'in da biyu.

Matar ta buga masa 'yar takarda ta miƙa masa tare da kwandonsa. "Barka, Baba. Ka ba yara kunya." Ya yi godiya. A waje sauran suna ta buga waya, wannan na ihu wa mahaifiyarsa, waccan na dariya tana share ido. Ya ciro tasa wayar, ya dube ta, ya mayar aljihu. Ya tsaya bakin titi da takarda a hannu, motoci na wucewa. Kujera dai ta tsira.

Bai tafi gida ba, ofis ya nufa. Maigadi ya ce, "Yau Asabar fa, Baba." Ya ce ya sani, mantuwa ya yi. Ya hau matakala yana dafa gwiwa. Ofis shiru, kujeru duk an tura su ƙarƙashin tebura, rana ta faɗo ta tagarsa ta kwanta a ƙasa. Ya zagaya bayan kabad ya kunna tsohuwar kwamfuta. Niyyarsa ya goge komai, tun daga abincin awaki har na tara, sannan ya nemo inda ake kashe saƙon nan, ya bar yarinya ta huta.

Shafi ya buɗe. Idonsa ya tafi kan 'yar lambar da ya saba. Tara ya bari. Takwas ya gani.

A ƙasa kaɗan, wajen an dawo da shi, inda bai taɓa ganin komai ba, akwai ɗaya. Ranar Juma'a aka dawo da shi, da hantsi, lokacin yana zaune a falo suna kallon juna da kyanwa. Ya kai kibiya, ya buɗe.

Na kujerun falo ne. An ja layi a ƙarƙashin kalma biyu, kuma a gefe ga bayanin mai dubawa. Manhajar da jan rubutu take nuna shi.

"Baba, kuskure biyu. Na farko, kura ce ta shigo falo ko ƙura? In kura ce, zane ba zai hana ta ba. Na biyu, gidan babu baki ne ko babu baƙi? Na karanta sau da yawa ban gane ba. Ba zan amince da wannan ba sai marubuci ya faɗi abin da yake nufi. Sauran takwas ɗin suna hannuna, ina dubawa. Butar kuma a kai ta gyara."

Ya karanta sau uku. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa. Ƙugiyoyinta duk suna nan, kowace a mazauninta, ko waƙafi ɗaya ba ta bari ba. Dariya ta taho masa, ta fito wata iri, har ya waiga ko maigadi ya ji.

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya taɓa biro. Ya sauke shi.

Ya danna gyara. Tsohuwar kwamfuta har yanzu ba ta da ƙugiya, amma makonni biyar ba su tafi a banza ba. Ya ja kibiya a kan bayaninta, ya ɗauko harafin daga cikin kalmarta, ya kawo ya dasa a cikin tasa. Kura ta zama ƙura. Ya zo kan ta biyun ya tsaya. Fanka ɗaya na juyawa a shagon ƙasa, ana gwada ta, a kashe, a kunna. Sannan ya fara bugawa da yatsa biyu, duk inda ya buƙaci ƙugiya ya koma wajenta ya aro.

"Shekara biyu ke nan gidan nan babu baƙi, kuma babu baki. Duka biyun nake nufi, kuma laifin mai gidan ne. Ranar da kika rubuto mini, kada ki tafi na so in ce, na kuma san bai kamata in ce ba, sai hannuna ya zaro biro. Wasiƙar na duba, ban amsa ba. Yau na ci jarrabawa, saba'in da biyu. Ke na fara gaya wa."

Ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya tak. Ya ga wani wuri da waƙafi zai ƙara kyau, ya bar shi, ai akwai mai dubawa. Ya danna turawa.

Lambar ta koma tara. Jiran dubawa.

Bai kashe kwamfutar ba. Ya jawo kujerarsa daga lungu, ya ɗauko tsohon kundin ya tokare mata ƙafa, ya ciro waya ya ajiye a kan tebur kusa da ɓera, fuskarta sama. Ranar da ke ƙasa ta matso har ta taɓa takalminsa. Can maigadi ya ɗaga murya daga gindin bene.

"Baba, ka ga mantuwar?"

"Na gani," in ji shi. "Kada ka rufe tukuna. Ina jiran wani abu."